Furannin da suka rage mini bayan ɗaukewar ruwa: yadda na raya tsakar gidan haya a Kano

Duk matar da ta shigo gidanmu a watan Nuwamba ta tarar da fure a tsakar gida, alhali ruwan sama ya ɗauke tun tuni, tambayoyinta ba sa wuce uku: wa ke ba su ruwa, nawa nake kashewa, a ina na samo iri. Amsar ba ta faɗuwa a tsaye a bakin ƙofa, domin sai da na yi asarar damina guda da kuɗi masu ciwo kafin na gane kan abin. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi tun daga farko, ko wata za ta tsallake ramin da na faɗa.

A watan Yulin 2022 muka tare a wani gidan haya a wajen Rijiyar Zaki, kuma a lokacin ne na ɗauko mahaifiyata ta dawo wurina bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki. Inna a ƙauye ta yi rayuwarta, tsakanin gona da garke, sai ga ta tana wuni a kan tabarma a baranda, ba abin da take kallo sai siminti da katanga. Abin ya tsaya mini a rai. Tsakar gidan duk an dafe shi da siminti, in ban da wani siririn fili a jikin katangar gabas, tsawonsa taku 12, faɗinsa bai kai taku uku ba. Famfo ba ya kawo ruwa a layinmu, a wurin 'yan garuwa muke saye. Wannan maganar ta ruwa ita ya kamata in fara sa wa a lissafi, amma ita na bari a ƙarshe.

A tsakiyar Agusta na je wurin masu sayar da fulawa na bakin titi. Damina ce mai ruwa sosai, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa da wasu jihohi, don haka komai kore shar yake, kowace leda da furenta. Na zaɓi abin da ya fi ɗaukar ido: wardi huɗu, iksora shida, wasu masu faffaɗan ganye da ban ma tambayi sunansu ba, da ciyawar shimfiɗa da za a rufe filin da ita. Da kuɗin baƙar ƙasa, da na a-daidaita-sahu, da na yaron da ya zo ya dasa, na kashe Naira 38,000. Na tambayi farashi, na yi ciniki har na samu ragi, amma ban tambayi ko wanne ne zai iya jure rani ba. Mai sayarwar bai yi mini ƙarya ba, abin da na nuna shi ya ba ni. Makonni shida gidan ya yi kyau ƙwarai, Inna ta sa aka matso mata da tabarmarta bakin baranda, ni kuma na ɗauka an gama.

Da ruwa ya ɗauke a farkon Oktoba sai lissafi ya fito. Jarka mai lita 25 a lokacin Naira 50 muke saye, kuma wannan ɗan filin sai ya sha jarka huɗu a rana kafin ciyawar ta miƙe. Wato Naira 6,000 a wata, ban da ruwan girki da wanka da wanki. Na fara ragewa zuwa jarka biyu, ciyawar ta yi ja daga gefe tana cin ciki. Wardin ya zubar da ganye, iksorar ta koma ruwan ɗorawa. Da na ga haka sai na ɗauka yunwa suke ji, na sayo takin zamani na zuba cikin tafin hannu a gindin kowanne, a busasshiyar ƙasa. Cikin kwana huɗu bakin ganyayen ya ƙone kamar an kara musu wuta. Daga baya na fahimci cewa takin zamani gishiri ne, in ba ruwa isasshe sai ya janye ɗan danshin da ke jikin saiwa. Kafin hunturu ya kankama ba abin da ya rage sai iksora ɗaya. Ranar da nake tuge busassun, ina jin kamar in yi kuka, Inna ta ce mini, "Bar su haka, 'yar nan, waɗannan ba 'yan garin nan ba ne." Ban gane nauyin maganar ba sai daga baya.

Abin da ya buɗe mini ido wani kullallen gida ne da nake wucewa ta gabansa in zan tafi aiki. Masu shi sun yi tafiya tun kafin mu zo unguwar, ƙofar ma ta yi tsatsa, amma boganbiliya ta haura katanga ta zubo waje da fure jajawur, a cikin hazo, ba mai ba ta ko ɗigo. Sai na koma wurin masu fulawa, wannan karon na nemi wani dattijo da na lura shi sauran ke tambaya. Na gaishe shi, na ba shi labarin asarata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, da yawa daga abin da kika saya daga Jos ake kawo su. Can kan dutse ne, akwai sanyi. Fulawar Kano a kaka ake zaɓenta, a dasa ta da damina." Gaskiya ya faɗa, domin Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, iskar wuraren biyu ba ɗaya ba ce. Na ce, "To Baba, me zan saya yau?" Ya ce kada in sayi komai. In zaga gari, in duba gidajen da ba kowa, da harabar makarantu, da tsofaffin ofisoshi, duk abin da na ga yana fure ba tare da mai kula ba in ɗauko hotonsa in kawo masa. Makonni uku na yi ina wannan aikin da wayata. Da na koma muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mini suna da halin kowanne, ina rubutawa a bayan littafin cefane. Na ba shi Naira 1,000 na goro, da ƙyar ya karɓa.

Mataki na gaba shi ne neman izinin mai gidan haya, kuma wannan mutane da yawa suna tsallake shi har sai rigima ta taso. A karon farko ban nemi izinin kowa ba, sai da wakilinsa ya zo karɓar kuɗin shekara ya yi ƙorafin danshi a gindin katanga. Don haka a Disamba na sa maigidana ya yi masa magana, muka ce muna so a rubuta. Sai da aka yi mako biyu ana jira, domin mai gidan ba mazauni ba ne. A ƙarshe aka yi takarda mai shafi ɗaya: ba za mu fasa siminti ba, ba za mu dasa bishiya mai manyan saiwoyi kusa da katanga ko ramin sokawe ba, za mu bar tazarar taku ɗaya tsakanin shuka da bango, kuma duk abin da ke cikin tukunya namu ne, mu tafi da shi ranar da muka tashi. Wakili ya sa hannu, maigidana ya sa, maƙwabcinmu ya zama shaida. Ba a biya ko kwabo ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sa na karkata ga tukwane, don ɗan haya bai san ranar tashinsa ba.

A Janairu na ɗauki lebura ya tone filin, kwana biyu, Naira 5,000 da abincin rana. Nan na ga dalilin da ya sa ruwa ba ya zama: ƙasar kirki ba ta fi kamu ɗaya ba, ƙarƙashinta duk ɓaraguzan bulo ne, da busasshen siminti, da ledoji da magina suka binne. Baro 9 aka kwashe. Taki kuma na samo shi a wurin wani maƙwabci mai kiwon raguna, buhu huɗu. Baba ya gargaɗe ni kada in kuskura in zuba shi ɗanye, domin yana ƙona saiwa, yana kiran gara, yana kuma zuwa da gwazarma da irin ciyawa. Na tara shi a lungu, na yayyafa ruwa, na rufe da tsohon buhu, duk mako biyu a juya shi. Bayan wata biyu ya yi baƙi, ya daina wari, in ka damƙa sai ya wargaje a hannu. Haɗin da na yi shi ne baƙar ƙasa kwano biyu, yashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya. Tukwanen ƙasa su suka fi ba ni wahala, don sayensu ya faɗo a Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan canjin Naira. Matar da ke ginin tukwanen ba ta da asusun banki, sai kuɗi a hannu. Sau uku ina zuwa ina ɗaukar uku-uku, gwargwadon abin da na samu a wurin masu POS. Na roƙe ta ta huda gindin kowace tun kafin a gasa, wanda hakan ya fi a zo gida a huda ta tsage. Na haɗa da tsohuwar randarmu da ta fashe a baki. Bokitin fenti ma yana yi, amma roba tana ɗaukar zafi da bazara, tukunyar ƙasa kuwa tana sanyaya saiwa kamar yadda take sanyaya ruwan sha.

Akwai wata tafiya da na yi wadda da na sani da na huta. Na ji ana raba dashe kyauta a ofishin gandun daji, sai na je a watan Afrilu cikin azumi. Aka ce in rubuto wasiƙa in faɗi adadin da nake so da inda zan dasa, in haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa da lambar waya. Na kai washegari, aka karɓa, aka ce sai ruwa ya zauna. Na koma a Yuni aka ce ba a fara ba, sai a Yuli aka kira ni. Ma'aikatan sun karɓe ni da mutunci, amma da na shiga gandun sai na ga abin da suke reno bishiyoyi ne: darbejiya, mangwaro, gwaiba, zogale da makamantansu, don aikinsu yaƙi da hamada da samar da inuwa ne, ba adon tsakar gida ba. Yawancinsu takardar da muka sa wa hannu ta hana ni dasawa. Na karɓi zogale biyu na gode. Wanda ke da fili nasa na kansa, wannan hanya ce mai kyau, amma mai neman fure ya nufi wurin masu fulawa ko gidan maƙwabta.

Ruwan farko ya sauka a Mayu, hannuna yana ƙaiƙayi, amma Inna ta ce in dakata, ruwan farko yaudara gare shi, manomi ba ya sakin irinsa duka sai ƙasa ta sha ta ƙoshi. Sai tsakiyar Yuni na koma wurin Baba da takardata. Na sayi boganbiliya uku, kariya biyu, binka shida, moda huɗu, alobera biyu, da fotulaka cikin leda ɗaya, wadda ya ce in yayyanka in tsittsira, ko'ina ta taɓa ƙasa za ta kama. Duka Naira 14,500, ƙasa da rabin abin da na kashe a karon farko, sai dai kuɗin mota ya ninka saboda cire tallafin mai da aka yi a ƙarshen Mayu. Rassan lalle a gidan wata maƙwabciya na yanko, irin yakuwa kuma daga ƙauyenmu aka aiko. Irin ziniya da marigol da gomfirina Baba ne ya ƙulla mini a takarda. Da yamma muka yi dashen, ana yage ledar a hankali don kada ƙasar da ke riƙe da saiwa ta watse. Kariya kaɗai na canza wa haɗi, rabi yashi, da gutsattsarin gawayi a gindin tukunya.

Mako biyu bayan nan Babbar Sallah ta zo, ranar 28 ga Yuni, kuma ragon layya ya kwana uku a tsakar gidan. Dare ɗaya ya tsinke igiya ya cinye ziniyar da ta fara tsiro har ƙasa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba ziniyar ba ce, tsoron kada ya taɓa kariya ne, domin ruwan jikinta guba ne, tun da can ma an san ta da haka. Allah ya kiyaye, na riga na ɗora tukwanenta a kan bulo uku-uku. Duk mai ƙananan yara ko dabbobi ya riƙe wannan: kariya da binka ba a kai su baki, kuma in an yanke reshe a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko abinci.

Marka ta zo da nata darasin. Abin da aka zaɓa don jure fari, ruwa ne ke kashe shi. A Agusta na taɓa gindin kariya ɗaya na ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen dankali. Na tuge ta, na yanke duk inda ya ruɓe da wuƙa mai tsabta, na shafa toka, na bar ta a inuwa kwana biyar ta bushe, sannan na mayar da ita cikin busasshen yashi a ƙarƙashin baranda. Ta rayu, ko da yake shekarar ba ta yi fure ba. Gara kuma ta ci rassan lalle uku daga cikin takwas, saboda na kafa musu busassun karare don su jingina. Na cire kararen, na zuba toka da dakakken ganyen darbejiya a kewaye, abin ya lafa. Ɓarnar ragon nan kuwa ta zame mini alheri, don ita ta sa na sake shuka ziniya da marigol a tsakiyar Agusta. Ziniya tana fara fure kamar wata biyu bayan shuka, saboda haka wadda aka shuka a Yuni tana gajiya kafin kaka, ta Agusta kuwa a Oktoba take buɗewa. Tun daga lokacin sau biyu nake shuka su da gangan, kuma duk furen da ya bushe ina tsinke shi, don in aka bar shi ya yi iri sai uwar ta daina fitar da sabo.

Kakar 2023 ita ce ta farko da na ga abin da nake nema. Yakuwa ce ta fara, da furenta mai ruwan madara da jan ido a tsakiya, yana buɗewa da safe ya rufe kafin la'asar, kuma a ƙarshen Nuwamba muka tsinki zoɓon da ya ishe mu sha na makonni. Fotulaka ba ta buɗewa sai hantsi ya ɗaga, lokacin da ake fito da Inna shan rana, har ta zame mata agogo. Ziniya da marigol, waɗanda asalinsu daga Meziko ne, suka riƙe launi har farkon Disamba da ɗan ruwa kaɗan. Gomfirina ta fi su juriya, furenta kamar maɓalli ne, ko ya bushe launinsa ba ya gushewa. Binka, 'yar asalin tsibirin Madagaska, ba ta san wani abu wai shi lokaci ba, kullum da furenta, kuma da kanta take zubar da iri ta tsiro a tsagar siminti. Daga jikinta ne masana suka samo wasu magungunan cutar daji, amma wannan aikin ɗakin bincike ne, ba a dafa ta a sha. Boganbiliya ce ta fi ba ni mamaki. Duk damina ganye kawai take yi, har na fara zargin an ba ni marar fure. Baba ya ce in janye mata ruwa, in bari sai ganyen ya fara langaɓewa kafin in ba ta. Cikin makonni kaɗan ta rufe da ja. Abin da muke kira furenta ma ganye ne mai launi, ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Da sanyi ya shigo sosai sai kariyar da ba ta yi ciwo ba ta zubar da ganyenta kaf, ta fitar da fure a kan tsirarun rassa. Lallen bai yi fure ba sai a shekara ta biyu, amma ranar da ƙamshinsa ya fara tashi bayan magariba, Inna ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ƙamshin bayan ɗakin mahaifiyarta ke nan.

Game da ruwa, yanzu jarka ɗaya nake saya domin shuke-shuken duk kwana biyu, sauran daga abin da a da muke zubarwa ne. Na ajiye baho a inda muke alwala, ina tara ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya. Ruwan da ke da omo, ko bilic, ko gishiri, ko maiƙo ba ya zuwa wurinsu. Da sassafe ko bayan la'asar nake ba su, a gindi, ba a kan ganye ba, kuma gara a ba su su ƙoshi sau biyu a mako da a riƙa yayyafa musu kullum, don yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke dukanta. Na rufe saman ƙasar da busasshen ganye, ina barin tazara kaɗan daga jikin shukar saboda gara. Moda da alobera sukan yi kwana goma ban waiwaye su ba. In hazo ya yi yawa nakan ɗauraye musu ƙura sau ɗaya a mako.

Kada in ɓoye, ba duka ne ke kaiwa ga wata damina ba. Ziniya, marigol, gomfirina da yakuwa 'yan shekara ɗaya ne, in sun yi iri sun gama aikinsu, mutuwarsu ba laifin kowa ba ce. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fotulaka ma takan ƙanƙance, sai na jawo tukwane zuwa inda inuwar katanga ke sauka da rana. Waɗanda suka tsallake bazara ba tare da na sake saya ba su ne boganbiliya, kariya, lalle, moda, alobera, binka da zogale. Iksorar nan ɗaya da ta tsira tana nan, amma har yau ita kaɗai ke cin ruwan shuka uku, kuma ba zan ƙara irinta ba.

Wadda za ta fara, abin da zan ce mata shi ne ta fara lissafa jarka nawa za ta iya bayarwa a watan Maris, ba a Agusta ba, sannan ta zaɓi shuka daidai da wannan. Ta yi zagayen dubawa tsakanin Nuwamba da Janairu, ta gyara ƙasa da taki da rani, ta yi dashe in ruwa ya zauna. In gidan haya ne ta nemi takarda. Ta tambayi mai fulawa kai tsaye daga ina aka kawo shukar, kuma wata nawa ta yi a wurinsa, domin wadda ta yi rani guda a Kano ta riga ta ci jarrabawa. Kafin ta kashe kuɗi ma ta leƙa gidajen maƙwabta, lalle da fotulaka da moda da alobera duk ana samunsu kyauta daga reshe ko 'ya'yan da suka fito a gindi.

A wannan makon muke tara iri. Ina yanko kawunan ziniya da marigol da suka bushe a jikin uwarsu, in shanya a faranti a inuwa kwana uku. Inna ce ke murje su da hannunta mai lafiya, tana ware iri daga ƙaiƙayi, ni kuma ina zubawa a ambulan ɗin takarda, ba leda ba, don kada su yi gumi su ruɓe. Ina rubuta suna da wata a bayan kowace. Ambulan 11 muka cika zuwa jiya, huɗu na gidan nan ne, sauran na matan layinmu da suka riga suka yi magana, ɗaya kuma zan kai wa Baba ranar Asabar.